Yadda Ake Shiga Wasannin Bidiyo Masu Labari Waɗanda Ba Sa Buƙatar Intanet

A ranar 31 ga Maris 2024 kamfanin Ubisoft ya kashe sabobin, wato kwamfutocin kamfani da wasa ke dogaro da su ta intanet, na wasan tseren motoci mai suna The Crew, wanda ya fito a 2014, kuma daga wannan rana duk wanda ya mallaki wasan, ko da faifansa yana hannunsa, bai sake iya buɗe shi ba. Watanni biyar bayan haka Sony ya saki Concord, wasan harbe-harbe na taron jama'a ta intanet, ya kuma janye shi bayan mako biyu kacal, ya mayar wa masu saye kuɗinsu. A daidai wannan tsakanin ne Black Myth: Wukong, wasan mutum ɗaya da kamfanin Game Science na ƙasar Sin ya gina a kan tsohon labarin Sarkin Birai, ya sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana uku. Kafin shi an ga Elden Ring a 2022 da Baldur's Gate 3 a 2023, kowannensu ya ɗauki kambun wasan shekara a bikin The Game Awards. Mutane da yawa da suka gaji da wasannin da ke kiransu kullum su shigo su karɓi ladan yini, ko su sayi tikitin kaka, wato tikitin samun lada na 'yan watanni, kafin wa'adinsa ya ƙare, sun dawo neman wasan da ke da farko da tsakiya da ƙarshe, wanda ake ajiyewa a tafi sabgogi a dawo a tarar da shi inda aka bar shi.

Sai dai samun irin wannan kwanciyar hankali yana buƙatar ɗan shiri, domin na'urorin zamani da shagunan wasanni an gina su ne bisa zaton cewa kowa yana haɗe da intanet a kowane lokaci. Ga matakan da ya kamata a bi.

Mataki na farko: ka tabbatar wasan yana aiki babu intanet

Wannan ne wurin da aka fi yin tuntuɓe, don haka zan daɗe a kansa. Kasancewar wasa na mutum ɗaya ba ya nufin zai buɗe idan an yanke intanet. Diablo IV misali ne a bayyane: kana iya bin labarinsa kai kaɗai daga farko har ƙarshe, amma idan haɗinka ya katse, wasan ya tsaya. Haka Gran Turismo 7, wanda a watan Maris 2022 aka rufe yawancin sassansa fiye da yini guda saboda gyaran saba, har da sassan da mutum ke bugawa shi kaɗai.

Wasannin mutum ɗaya sun kasu gida uku ta wannan fuska. Akwai waɗanda ba ruwansu da intanet da zarar an girka su. Akwai waɗanda ke buƙatar haɗi sau ɗaya a farko domin a tantance cewa kwafin na halal ne, daga nan kuma su riƙa neman sabunta tantancewar jefi-jefi. Yawancin wasannin kwamfuta da ke ɗauke da makullin Denuvo, wato manhajar hana satar kwafi, suna cikin wannan gida, kuma sauya wani ɓangare na kwamfutar ko babban sabunta Windows yana iya sa su sake neman haɗi. Gida na uku su ne masu buƙatar haɗi a kowane lokaci, kuma su ne ya kamata ka kauce wa idan burinka wasan da zai zauna tare da kai.

Hanyar ganewa ita ce karanta shafin wasan kafin saye. A shagon Steam, a gefen dama na shafin, ana rubuta sanarwa idan wasan yana ɗauke da makullin wani kamfani, ko yana buƙatar ka buɗe asusu na daban a wurin kamfanin da ya fitar da shi. Red Dead Redemption 2, alal misali, ko a Steam ka saya sai ya bi ta manhajar Rockstar, kamfanin da ya yi shi, da asusunta. A kwalin faifan na'urorin wasa kuma akan rubuta a gaba ko a baya idan ana buƙatar intanet ko saukar da wani kaso na wasan. Idan shafin bai gamsar da kai ba, dandalin PCGamingWiki yana lissafa irin makullin da ke kan kowane wasan kwamfuta bisa ga shagon da aka saye shi, kuma sau da yawa za ka tarar wasa ɗaya yana da makulli a wani shago, a wani kuma babu.

Akwai wasu da ke tsakani waɗanda saitinsu ke warware matsalar. Elden Ring yana nuna maka saƙonnin da wasu 'yan wasa suka rubuta a ƙasa idan kana haɗe, amma a saitin hanyar sadarwa akwai zaɓin da ke sa ya riƙa buɗewa babu haɗi, kuma labarin da duk manyan abokan gaba suna nan yadda suke.

Mataki na biyu: ka auna lokacinka kafin ka zaɓi labari

Kuskuren sabon shiga shi ne ya fara da wasan da kowa ke yabo, ba tare da ya tambayi tsawonsa ba. The Witcher 3: Wild Hunt, wanda kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland ya fitar a 2015, yana cin kimanin awa 50 idan babban labarin kaɗai aka bi, kuma ya haura 100 idan aka shiga ƙananan ayyukan gefe. Red Dead Redemption 2 ma kusan haka yake. Mutumin da ke da awa uku a mako zai shafe wata huɗu kafin ya ga ƙarshen ɗaya daga cikinsu, kuma a tsakanin nan sunayen mutanen labarin da dalilan rigimarsu sukan zube masa. Dandalin HowLongToBeat yana tattara adadin sa'o'in da 'yan wasa suka kashe a kan kowane wasa, kuma duba shi na minti ɗaya yana hana wannan nadama.

A ganina, wanda ya daɗe bai buga irin wannan wasa ba, ko bai taɓa ba, ya fara da gajere wanda zai iya gamawa a zama biyu ko uku. What Remains of Edith Finch na 2017 bai wuce awa biyu zuwa uku ba. Firewatch na 2016, labarin wani mai gadin gobarar daji a jihar Wyoming ta Amurka wanda ba ya jin muryar kowa sai ta wata abokiyar aiki ta rediyon hannu, yana ƙarewa cikin awa huɗu ko biyar. Portal 2 na 2011 yana kaiwa awa takwas zuwa goma, ya haɗa wasa ƙwaƙwalwa da raha. Daɗin ganin ƙarshen labari guda shi ke ba mutum ƙarfin gwiwar tunkarar dogo. Daga nan sai matsakaita, irin su The Last of Us na 2013 mai kimanin awa 15, da God of War na 2018 mai kimanin awa 20, kafin a kai ga manyan.

Ka duba kuma yadda wasan ke ba da labarinsa, domin hanyoyin sun bambanta ƙwarai. Wasu suna ɗauke ka a kan layi guda kamar fim, ba ka da ikon sauya ƙarshe. Wasu, irin Baldur's Gate 3 da jerin Mass Effect, suna bin shawararka, har wanda ka ceta a farko ya dawo ya taimake ka bayan awa talatin. Disco Elysium na 2019 kusan karatu ne zalla, rubutunsa ya haura kalmomi miliyan ɗaya, don haka bai dace da wanda ba ya son dogon karatu a allo ba, kuma sai ka tabbatar yana da harshen da kake ganewa sosai. Elden Ring kuwa ba ya zaunar da kai ya ba ka labari, a bayanin takubba da zobba da kangwayen gine-gine yake warwatsa shi, sai mai haƙuri ya tsinta.

Abu na ƙarshe a wannan mataki shi ne alamar shekaru. Hukumar ESRB ta Amurka tana amfani da haruffa, E ga kowa, T ga matasa, M ga 'yan shekara 17 zuwa sama, yayin da tsarin PEGI na Turai ke amfani da lambobi 3, 7, 12, 16 da 18. Kusan duk manyan wasannin da na ambata, The Witcher 3 da Baldur's Gate 3 da The Last of Us da Red Dead Redemption 2, na manya ne, akwai zubar da jini da ashar, wasu har da tsiraici. Kusa da alamar akan rubuta takamaiman abin da ke ciki, kuma wannan bayanin ya fi harafin amfani ga wanda ke son sanin ko wasan ya dace da shi ko da waɗanda za su iya leƙo allonsa.

Mataki na uku: ka daidaita wasan da na'urar da ke hannunka

Ba sai ka sayi sabuwar na'ura ba. A kwamfuta, ka kwatanta abin da kake da shi da jadawalin buƙatu da ke ƙasan shafin wasan, musamman katin zane mai sarrafa hoto, da ƙwaƙwalwar aiki (RAM), da girman ma'aji. Jadawalin yana zuwa kashi biyu, mafi ƙaranci da wanda aka ba da shawara, kuma wanda ya tsaya a kan mafi ƙaranci ya sa ran rage kyawun hoto. Baldur's Gate 3 da Red Dead Redemption 2 kowannensu yana neman wurin da ya kai gigabait 150, na farkon ma yana buƙatar ma'aji mai sauri irin SSD. Undertale na 2015 kuwa bai kai rabin gigabait ba, kuma tsohuwar kwamfutar ofis tana ɗaukarsa, alhali labarinsa yana cikin waɗanda aka fi tattaunawa a shekarun nan. A waya akwai Monument Valley da 80 Days da Limbo da Stardew Valley, duka ana buga su babu haɗi bayan an sauke. Nintendo Switch da Steam Deck, na'urorin wasa na hannu, suna da wata fa'ida ta musamman ga mai ƙarancin lokaci: ana danna maɓalli na'urar ta yi barci a tsakiyar wasa, a sake dannawa ta farka a daidai wurin.

Mataki na huɗu: ka san abin da kake saya

Tun ƙarshen 2024 Steam yake rubuta wa mai saye cewa abin da yake biya lasisin amfani da wasan ne, bayan jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta tilasta wa shagunan intanet bayyana hakan. Wannan shi ne yanayin yawancin shaguna. Wanda ya fita daban shi ne GOG, wanda CD Projekt ya kafa a 2008 bisa ƙa'idar sayar da wasanni babu makulli. A can, bayan ka saya, kana iya shiga ɗakin wasanninka ta burauza ka sauke fayilolin girkawa kai tsaye, ka kwafe su a ma'ajin waje, kuma ko bayan shekaru goma za su girku ba tare da sun tambayi wata saba izini ba. Idan wasan da kake so yana GOG da wani shago a lokaci guda, kuma abin da ya dame ka shi ne ɗorewa, to zaɓin a fili yake. Babban wasa yakan zo a gutsattsare, fayil ɗaya na buɗewa da wasu manya da ke biye da shi, kuma dole ne ka sauke su duka ka tara su a jaka ɗaya kafin ka fara girkawa.

Faifai har yanzu yana da amfaninsa, domin ana iya ba da aronsa ko a sayar, amma kada a ɗauka duk abin da ke kwali cikakken wasa ne. Wasu faifan suna ɗauke da wani kaso kawai, sauran sai an sauke. Nintendo Switch 2, wadda ta fito a watan Yuni 2025, ta zo da wani nau'in kati da babu wasan a cikinsa, mabuɗi ne kawai na saukewa, kuma ana rubuta hakan a gaban kwalin. Sannan abin da ke kan faifai shi ne wasan kamar yadda yake kafin a gyara kurakuransa. Cyberpunk 2077 ya fito a Disamba 2020 cike da matsaloli har Sony ya cire shi daga shagonsa na tsawon wata shida, kuma wasan da ake yabo a yau shi ne wanda aka shafe shekaru ana gyarawa. Wanda ya buga tsohon faifan babu sabuntawa zai sha wahalar da wasu suka riga suka wuce.

Wasannin da ake samu ta biyan kuɗin wata-wata, kamar Game Pass da PlayStation Plus, hanya ce mai kyau ta ɗanɗana abubuwa da yawa, amma suna buƙatar na'urar ta riƙa leƙa intanet lokaci zuwa lokaci, kuma akan cire wasa daga jerin kana tsakiyar labarinsa. Game da mayar da kaya, Steam yana karɓa cikin kwana 14 muddin ba ka buga fiye da awa biyu ba, GOG kuma yana ba da kwana 30. Ka yi amfani da waɗannan sa'o'i biyu na farko wajen gwada ko wasan yana tafiya daidai a kan na'urarka, kada ka ƙarar da su wajen zaɓar wa jarumin gashi da launin ido.

Mataki na biyar: ka girka, ka saita, ka gwada tun kana da haɗi

Duk shirin zama babu intanet ana yin sa ne yayin da intanet ɗin ke nan. Ka sauke wasan gaba ɗaya, ka bar shi ya karɓi duk sabuntawar da ke jira, sannan ka buɗe shi sau ɗaya aƙalla har ka wuce allon farko ka shiga cikin wasan sosai. A wannan buɗewar ta farko ce yake girka ƙananan manhajojin da yake dogaro da su, ya kuma yi tantancewar makulli idan yana da shi.

Bayan haka sai saitin na'ura. A Steam, ka shiga asusunka ka bar shi ya tuna da kai, sannan ka danna kalmar Steam a saman hagu ka zaɓi Go Offline. Idan akwai wasan da ya fara sabuntawa bai gama ba, ba zai buɗe ba sai ya kammala, don haka ka duba jerin saukewa ka ga babu abin da ya maƙale. A PlayStation 5, ka shiga Settings, sai Users and Accounts, sai Other, ka kunna Console Sharing and Offline Play. Idan ba ka yi haka ba, wasannin da ka saya ta intanet za su nuna hoton kwaɗon kulle ranar da haɗi ya yanke. A PlayStation 4 abin da ya yi daidai da wannan shi ne mayar da na'urar ta zama babbar na'urar asusunka. A Xbox ana kiransa My home Xbox, yana ƙarƙashin General sannan Personalization, kuma sau biyar kawai ake iya sauya shi a shekara.

Gwajin ƙarshe shi ne wanda mutane ke tsallakewa. Ka yanke haɗin da hannunka, ka kashe na'urar gaba ɗaya, ka sake kunna ta, ka buɗe wasan, ka buga minti biyar, ka ajiye, ka fita, ka sake shiga ka ga ko ajiyar tana nan. Sake kunnawar tana da muhimmanci, domin wasa yakan ci gaba da tafiya idan aka yanke haɗi yana buɗe, amma ya ƙi tashi daga sanyi. Gara ka gano matsalar yanzu da ka gano ta a cikin jirgi ko a wurin da babu hanyar gyarawa.

Mataki na shida: ka kare ajiyar ci gabanka

A wasan intanet kamfani ne ke riƙe da tarihinka, a nan kuwa nauyin yana wuyanka. Kada ka dogara da ajiyar da wasan ke yi da kansa kaɗai, domin takan rubuta sabo a kan tsoho, kuma idan ta ajiye ka a wurin da ka maƙale, ko wuta ta ɗauke tana tsakiyar rubutawa fayil ɗin ya lalace, babu inda za ka koma. Ka buɗe gurabe uku ka riƙa zagayawa a kansu, ka kuma ware na huɗu da za ka ajiye kafin duk wata babbar shawara ko shiga wurin da wasan ya gargaɗe ka cewa babu dawowa.

A Windows fayilolin ajiya sukan zauna a jakar Documents, ko Saved Games, ko ɓoyayyiyar jakar AppData, kuma PCGamingWiki yana faɗin takamaiman wurin ga kowane wasa. Ka riƙa kwafe su zuwa filasha bayan kowane babban babi. A Xbox ajiyar gajimare, wato kwafin ajiyarka da kamfani ke riƙewa ta intanet, kyauta ce, a PlayStation da Nintendo kuma sai mai biyan kuɗin wata. PlayStation 5 ba ta barin a kwafi ajiyar wasanninta ɗaya-ɗaya zuwa filasha, sai dai a yi kwafin na'urar gaba ɗaya ta sashen Back Up and Restore.

Akwai tarko guda a ranar da ka koma kan intanet bayan doguwar rabuwa. Steam ko na'urar wasan tana iya tarar da ajiya biyu da suka saɓa, ta gajimare da ta cikin na'ura, ta tambaye ka wacce za a riƙe. Ka karanta kwanan wata da lokacin da ke jikin kowacce a natse. Ta cikin na'ura ce sabuwa idan a kanta ka yi wasan, kuma zaɓar ɗayar cikin gaggawa yana share aikin makonni.

Mataki na bakwai: ka gyara saitin wasan ya dace da kai

Ka fara da matakin wahala, kuma kada kunya ta hana ka sauke shi, tunda babu wanda kake gasa da shi. Masu yin wasannin sun san akwai waɗanda labarin ya kawo su, shi ya sa mataki mafi sauƙi a The Witcher 3 sunansa Just the Story, a God of War kuma Give Me a Story. Yawancinsu suna barin a sauya a tsakiyar wasa, don haka idan abokin gaba guda ya tsare ka kwana uku, ka sauke matakin ka wuce shi ka mayar. Elden Ring da 'yan uwansa na kamfanin FromSoftware ba su da wannan zaɓi, kuma ya kamata a san haka kafin a saya.

Ka kunna rubutun magana ko da kana jin harshen, ka ƙara girmansa, ka rage ƙarar kiɗa da ta fashe-fashe kaɗan domin muryoyi su fito. Idan kana jin jiri ko tashin zuciya, musamman a wasannin da ake gani ta idon jarumi, ka kashe dusashewar motsi da girgizar kyamara, ka faɗaɗa filin gani. The Last of Us Part II ya zo da saituna sama da 60 na sauƙaƙa wa masu matsalar gani ko ji ko motsin hannu, kuma tun daga nan irin wannan sashe ya yawaita, ya cancanci a leƙa shi ko da mutum lafiyarsa ƙalau.

Mataki na takwas: yadda ake bin labarin har a gama

Manyan wasanni masu buɗaɗɗiyar duniya suna cika taswira da alamomi, kuma wanda ya saba da jerin ayyukan yini na wasannin intanet yakan ji dole ne ya share su duka. Wannan ɗabi'ar ce ke kashe labari. A The Witcher 3 ana iya kashe alamomin tambaya da ke kan taswira daga saiti, kuma ina ganin wasan ya fi daɗi haka, domin mutum yana cin karo da abubuwa ne a kan hanyarsa maimakon ya riƙa bin su kamar mai karɓar bashi. Ka bambanta aikin gefe da ke da mutane da labari a cikinsa da wanda tara kaya ne kawai. Na farkon sau da yawa nan ne mafi kyawun rubutun wasan yake, na biyun kuwa ana iya barinsa babu asara.

Idan wasan mai zaɓi ne, ka daure ka zauna da shawarar da ka yanke a karon farko, ko da ta haifar da abin da ba ka so. Wanda ke komawa tsohuwar ajiya duk lokacin da wani ya mutu, ko yake duba sakamakon kowace amsa a intanet kafin ya danna, yana cire wa kansa fargabar da ita ce dalilin ba shi zaɓin tun farko. Ajiyar da na ce ka ware tana nan domin matsalar na'ura da kuma zagaye na biyu. Haka nan ka yi hattara da YouTube da shafukan bayani: rubuta sunan jarumi kawai a wurin nema yana iya fito maka da labarin mutuwarsa. Idan ka maƙale, ka nemi sunan aikin da kake kai ko sunan wurin, ka karanta abin da ya warware maka, ka rufe shafin.

Ka riƙa tsayawa a gaɓa, wato ƙarshen babi ko bayan kammala aiki, ba a tsakiyar faɗa ba. Idan ka san za ka yi mako biyu ko fiye ba ka dawo ba, ka rubuta layi uku a takarda ko a waya: inda kake, abin da kake shirin yi, da maɓallan da suka fi ba ka wuya. Ranar dawowa ka karanta littafin ayyuka da ke cikin wasan, ka yi ɗan ƙaramin aiki mara haɗari domin hannunka ya tuna, kafin ka koma babban labarin. Yawancin wasannin da ake watsarwa a rabi, mantuwar maɓalli ce ta kore masu su. Kuma kada ka haɗa dogayen wasanni biyu a lokaci guda. Dogo ɗaya da gajere ɗaya sun isa.

Idan kuwa ka ba wasa awa biyar ko shida, ka sauya saiti, ka wuce gabatarwarsa, amma har yanzu kana kunna shi ne kamar mai zuwa aikin dole, ka ajiye shi ka ɗauki wani, ajiyarka ba za ta ruɓe ba. Wanda ka gama kuma, kafin ka cire shi domin samar da wuri, ka duba ko yana da ƙarin labari da aka fitar daga baya, kamar Hearts of Stone da Blood and Wine na The Witcher 3, wanda na biyun ya kai tsawon cikakken wasa. Ka kwafi fayil ɗin ajiyarka na ƙarshe ka haɗa shi da fayilolin girkawa a ma'ajin waje, ka rubuta sunan wasan da kwanan wata a jikin jakar, domin wasu jerin, kamar Mass Effect, suna karanta ajiyar kashi na farko su ɗora kashi na biyu a kan shawarwarin da ka yanke.